Shekara Biyu a Kwaleji, Sauran a Bakin Gadon Majinyaci

 

Waɗanda suka bi labaran duniya a watan Maris na 2020 za su tuna yadda cutar korona ta yi wa birnin Niyok na Amurka dirar mikiya. Gwamnan jihar na lokacin, Andrew Cuomo, kusan kullum sai ya fito a talabijin yana kokawa cewa jiharsa na buƙatar na'urorin taimaka wa numfashi har 30,000. Kamfanonin ƙera motoci suka juya akalar wasu masana'antunsu, zuwa ƙarshen watan Agusta General Motors ya miƙa na'ura 30,000, Ford ya miƙa 50,000. Ƙarfe da waya ba su gagari Amurka ba. Mai tsayawa a kan na'urar ne ya yi wuyar samu, domin sai an sami wanda ya san yawan iskar da huhun wannan majinyacin zai ɗauka, da lokacin ƙarawa, da lokacin ragewa. Irin wannan mutum ba a samar da shi cikin wata biyar.

A Amurka wannan aiki yana da masu shi. Ba likitoci ba ne, ba nas-nas ba ne. Jami'an kula da numfashi ne, kuma yawansu ya haura 130,000. Daga jaririn da aka haifa bakwaini har tsohon da sigari ta cinye wa huhu, duk wanda numfashi ya yi wa wuya a asibiti su ake kira. Abin da ya sa na ɗauko maganarsu yau shi ne hanyar da akasarinsu suka bi suka iso wurin. Ba su bi ta manyan jami'o'in da muke jin sunansu ba. Ta kwalejin al'umma suka bi, makarantar shekara biyu, wadda ko a can wasu ke yi wa kallon matattarar waɗanda jami'a ta ƙi.

Irin wannan kwaleji ta gwamnati ta farko an buɗe ta a garin Joliet na jihar Ilinoi a 1901, da ɗalibai shida kacal. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawarar a yaɗa su ko'ina, a kai karatun gaba da sakandare kusa da gidan talaka. Yau sun kai dubu ko fiye. Yawancinsu babu ɗakin kwana, daga gida ake zuwa, akwai ajin safe akwai na dare, kuma a aji ɗaya za ka tarar da yaron da ya gama sakandare bara, da uwa mai 'ya'ya uku, da direban tasi mai furfura. Batun kuɗi kuwa, a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 matsakaicin kuɗin makaranta na shekara a kwalejin al'umma bai kai dala 4,000 ba ga ɗan yankin. A jami'ar gwamnati ta shekara huɗu ya haura dala 11,000, a jami'a mai zaman kanta ya haura dala 41,000. Tallafin da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, wanda ake kira Pell, ya kai dala 7,395 a wannan zango. Kun ga ke nan ɗan talaka zai iya gama kwalejin ba tare da bashi ya yi masa katutu ba.

Sai dai kada wani ya ɗauka abin bulus ne. Ƙofar kwalejin a buɗe take ga kowa, amma ƙofar kwas ɗin numfashi ƙunƙuntacciya ce. Sai ɗalibi ya fara cin darussan share fage, su ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da ilimin ƙwayoyin cuta, da kimiyyar sinadarai, da lissafi. Guraben kuma ƙalilan ne, saboda kowane ɗalibi sai an sama masa asibitin da zai yi aikin koyo a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware. Don haka shekara biyun nan ta kan takarda, ga mutane da yawa kusan uku ce.

Sana'ar ita kanta daga ƙasa ta taso. A shekarun 1940 waɗanda suka fara ta masu dakon tukwanen oksijin ne a asibiti, su gungura tukunyar ƙarfe daga ɗaki zuwa ɗaki, su kafa wa majinyaci tantin iska, su koma. Wani likita a Shikago, Edwin Levine, ya ga cewa mutumin da ke wuni da tukunyar nan ya kamata ya san abin da iskar ke yi a jikin mutum, sai ya fara koyar da su. A 1947 suka kafa ƙungiya a Shikago, ita ce yau ake kira AARC. Abin da ya ɗaga darajar aikin kuwa daga Turai ya zo. A 1952 annobar shan inna ta faɗa wa birnin Kofenhagen na Denmak, yara suna mutuwa saboda naman ƙirjinsu ya shanye. A asibitin Blegdam, cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya tsaya, 27 suka rasu. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ce a huda maƙogwaro, a sa bututu, a riƙa tura iska da jakar roba. Babu na'urar da za ta yi wannan, sai aka kwaso ɗaliban koyon aikin likita kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa na matsa jaka da hannu. Mace-macen suka ragu sosai. Daga nan ɗakin masu matsananciyar jinya ya samo asali, daga nan kuma aka fahimci cewa numfashin wanda ba ya iya yi da kansa aiki ne na cikakken mutum.

To me wannan mutum yake yi a yau? Mu ɗauka ƙarfe uku ne na dare, na'urar da ke gado na huɗu ta fara kuka, allo ya nuna matsin iska ya hau. Wanda bai san aikin ba maɓallin kashe ƙara zai nema. Jami'ar numfashi kuwa majinyacin take fara duba kafin allo. Ƙirjin yana tashi ɓangare biyu daidai? Ta ɗora abin sauraro a dama, ta ɗora a hagu. Wataƙila majina ce ta toshe bututu, sai ta zura siririyar roba ta zuƙe, ba za ta wuce daƙiƙa goma sha biyar ba, domin muddin tana zuƙa, bawan Allah ba ya samun iska. Wataƙila ya ɗan farka ne yana cizon bututun. Wataƙila bututun ya zurma ya shige reshen dama, huhun hagu ya zauna babu iska, sai ta duba lambar da ke jikin bututun daidai haƙora, ta gwada da wadda aka rubuta da yamma. Ko kuma, Allah ya kiyaye, huhu ne ya hude, iska ta taru a ƙirji tana danne zuciya. A nan babu jira. Ta cire shi daga na'ura, ta kama jakar roba da hannu, ta ɗaga murya a kira likita. Duk wannan tantancewa cikin minti ɗaya ko biyu ake yin ta, kuma sau da yawa babu likita a ɗakin.

Idan ƙura ta lafa, sai ta kama wuyan hannunsa, ta lalubi inda jijiya ke bugawa a gindin babban yatsa, ta soka allura a karkace. Ba a jan wannan jini, shi yake hawa sirinji da kansa, ja wur. Cikin 'yan mintoci injin gwaji zai faɗa mata yawan oksijin da ke jinin, da yawan iskar kabon da ta taru, da ko jinin ya yi tsami. Da waɗannan lambobi za ta je wa likita, kuma jami'ar da ta san aikinta ba lambobi kawai take kai masa ba, da shawara take zuwa: a ƙara yawan numfashi a minti, ko a rage, ko a bar shi haka a sake gwadawa da asuba.

A nan ne ake gane bambancin mai danna maɓalli da mai ilimi. Shekaru da dama ana cika huhun majinyata da iska, ana ganin gata ake yi musu. A shekarar 2000 aka wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka kan majinyata 861 masu mummunan kumburin huhu. Rabi aka ba su mililita 12 na iska a kan kowane kilo na nauyin jiki, rabi aka ba su 6. Cikin waɗanda aka cika wa huhu, kusan kashi 40 cikin 100 suka rasu. Cikin waɗanda aka rage wa, kashi 31. Babu sabon magani, babu tiyata, lamba kawai aka sauya a allo. Kuma nauyin da ake lissafi da shi ba na sikeli ba ne, daga tsawon mutum ake fitar da shi, domin ƙiba ba ta ƙara girman huhu. Namiji mai tsawon santimita 170, abin da zai samu a kowane numfashi wajen mililita 400 ne, bai kai cikin leda ɗaya ta fiya wata ba. Idan aka yi kasalar auna tsawonsa aka yi kintace, na'urar da aka sa don ta cece shi ita za ta riƙa yaga masa huhu, numfashi bayan numfashi. Wanda ke ɗauko tef ya auna, ya yi lissafin, ya kuma tsaya kai da fata a bi shi, galibi jami'in numfashi ne.

Haka batun yaye majinyaci daga na'ura. Kowace rana da mutum ya ƙara da bututu a maƙogwaro, haɗarin kamuwa da limoniya na ƙaruwa, naman numfashinsa na ƙara mutuwa. A 1996 likita Wesley Ely da abokan aikinsa a jihar Karolina ta Arewa suka gwada wata dabara a kan majinyata 300: kowace safiya jami'an numfashi da nas-nas su duba ko mutum ya kai a gwada shi, idan ya kai a bar shi ya yi numfashi da kansa na awa biyu ana kallo, idan ya jure a sanar da likita. Kwanakin zama a kan na'ura suka sauko daga shida zuwa huɗu da rabi. Tun daga nan asibitoci da yawa suka damƙa wannan aiki a hannun jami'an numfashi.

Ɓangaren jarirai ma abin a tsaya a kai ne. A watan Agusta na 1963 matar Shugaba John Kennedy ta haifi ɗa namiji saura mako biyar da ɗoriya lokacinsa ya cika. Duk da ƙarfin mulki da dukiya, yaron bai cika kwana biyu ba ya rasu, saboda huhunsa bai fara samar da wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna ba. A 1971 aka fito da dabarar tura iska mai ɗan matsi a kai a kai don huhun bakwaini ya zauna a buɗe, a 1990 kuma hukumomin Amurka suka amince da sinadarin da ake ɗura wa jariri ta bututu. Yau jariri mai irin watannin ɗan Kennedy galibi yana rayuwa, kuma a asibitoci da yawa hannun da ke riƙe da bututun na wadda ta fito daga kwalejin shekara biyu ne.

Yanzu mu zo ga takardu. Gama kwaleji ba ya bai wa mutum izinin taɓa majinyaci. Akwai hukumar jarrabawa ta ƙasa, NBRC. A tsarin da ta kafa a 2015, ɗalibi zai zauna wa tambayoyi 160 cikin awa uku. Idan ya ci da makin ƙasa, ya sami shaidar CRT. Idan ya sami makin sama, sai a ba shi damar shiga ta biyu, ta awa huɗu, inda kwamfuta za ta kawo masa majinyata 22 ɗaya bayan ɗaya, ya yanke shawara a kan kowanne, kuma shawarar da za ta cutar da majinyaci maki take zabge masa. Wanda ya haye wannan shi ne RRT. Kusan dukkan jihohi sai da lasisi ake aiki, wasunsu kuma, irin su Kalifoniya da Ohayo, sun daina bai wa sabon shiga lasisi sai yana da RRT. Albashi fa? Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na watan Mayu 2023 sun nuna matsakaicin abin da jami'in numfashi ke samu a shekara dala 77,960 ne, alhali na ma'aikacin Amurka gaba ɗaya dala 48,060 ne. Ma'aikatar ta kuma yi hasashen guraben aikin za su ƙaru da kashi 13 cikin 100 a shekara goma, saboda jama'ar ƙasar na tsufa. Ku gwada da hanyar zama likita a can: shekara huɗu a jami'a, huɗu a makarantar likitanci, aƙalla uku na sanin makamar aiki, ga bashin da kan kai dala 200,000.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne zuciyar sharhin namu. Wannan albashin shi ne alherin hanyar, shi ne kuma tarkonta. Matashi ɗan shekara ashirin da biyu ya fara ganin irin wannan kuɗi, ga ƙarin na aikin dare, ga na ƙarshen mako, sai ya ce karatu ya jira baɗi. Baɗi ta zama shekara goma. Alƙaluma sun nuna cewa cikin ɗaliban kwalejin al'umma, kusan takwas cikin goma suna shiga da niyyar kaiwa ga digiri, amma waɗanda ke samun digirin cikin shekara shida ba su kai biyu cikin goma ba. Ba duka laifinsu ba ne. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka ya gano a 2017 cewa ɗalibin da ya sauya makaranta yakan yi asarar kusan kashi 43 cikin 100 na darussan da ya riga ya ci, jami'a ta ce ba ta san da su ba, ya sake biya ya sake zama. Wannan zalunci ne da aka lulluɓe da ƙa'ida, kuma talaka ne yake kwana a ciki.

Ita ƙungiyar AARC ta fito fili ta ce burinta daga 2030 duk mai shiga sana'ar ya zo da digirin shekara huɗu da shaidar RRT. Hujjarsu tana da ƙarfi: ilimin ya yi yawa, na'urorin sun yi zurfi, shekara biyu ta yi kaɗan, kuma a teburin da ake yanke shawara a asibiti, mai digiri ake saurara. Masu adawa suna cewa idan aka rufe ƙofar shekara biyu, asibitocin karkara za su rasa ma'aikata, kuma uwar 'ya'ya ukun nan da direban tasin nan an kore su ke nan. A ganina kowane ɓangare ya kama gaskiya, amma a kan mutum daban. Ga hukuma, rufe ƙofar kuskure ne, domin sana'ar da ta taso daga masu dakon tukunya ba ta da hujjar toshe wa talaka hanya. Ga ɗalibi kuwa, tsayawa a shekara biyu kuskure ne mafi girma. Jami'o'i da dama suna da kwas na cike digiri ta intanet ga wanda ya riga ya zama RRT, asibitoci da yawa kuma suna biyan wani kaso na kuɗin. Ya yi aikinsa da dare, ya yi karatunsa da rana, a shekara biyu ya gama.

Bayan digiri hanya ta yi rassa. Akwai shaidar ƙwarewa a jinyar jarirai da yara, akwai ta manya masu matsananciyar jinya, akwai ta gwajin ƙarfin huhu, akwai ta cututtukan barci. Wasu suna shiga jirgi mai saukar ungulu su ɗauko majinyaci daga ƙauye, wasu suna zama a gaban injin da ke fitar da jini daga jiki ya sa masa oksijin ya mayar, a lokacin da huhu ya ajiye aiki gaba ɗaya. Jami'ar Jihar Ohayo ta buɗe digiri na biyu don horar da manyan jami'an numfashi. In kuma ana neman misalin inda sana'ar za ta iya kai mutum, a dubi marigayi Robert Kacmarek. Bai taɓa zama likita ba, jami'in numfashi ne. Ya shugabanci sashen numfashi na babban asibitin Massachusetts da ke Boston shekaru masu yawa, ya zama farfesa a makarantar likitanci ta Harvard, likitoci suna zama suna ɗaukar darasi a gabansa.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu masu baƙar fata. Kun san ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa ya nuna yawan oksijin, wanda wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Haske yake turawa ta cikin fata. A watan Disamba na 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gwada abin da yake nunawa da abin da gwajin jini ya nuna. Cikin waɗanda na'urar ta ce lafiya lau suke, tsakanin 92 da 96, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙen fata oksijin ɗinsu ya faɗi ƙasa da 88. A fararen fata bai kai kashi 4 ba. Wato sau uku na'urar ta fi yaudarar mai jinyar baƙar fata. Littattafan koyarwa kuma sun daɗe suna cewa a duba ko fatar majinyaci ta koma shuɗiya, alamar da ba ta fitowa sosai a jikin irinmu sai an buɗe leɓe an duba dasashi da harshe. Jami'in da ya san wannan ba zai yarda da lambar yatsa ba idan ya ga mutum yana haki. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a so ganin 'ya'yanmu a wannan fage.

Ba zan ɓoye muku ɗacin aikin ba. Awa goma sha biyu ake yi a tsaye, da dare da ranar Sallah. Majina da kaki da jini su ne abokan hulɗa. A lokacin korona, su ne fuskarsu ta fi kusa da bakin majinyaci a daidai lokacin da ake zura bututu. Sannan akwai ranar da likitoci da dangi suka haƙura, aka yanke cewa na'ura ba ta ƙara wa mutum komai sai wahala. Dangi suna tsaye suna kuka, kuma hannun da zai zare bututun ya kashe na'urar, na jami'in numfashi ne. Daga nan ya wanke hannu ya wuce gado na gaba. Majinyacin da ya warke kuwa sau da yawa likita yake tunawa, ya tuna nas, amma wanda ya kwana a kan numfashinsa bai ma san da shi ba, domin a sume yake. Mai neman a yaba masa, ya nemi wata sana'ar.

Ba kowace ƙasa ce ta ware wannan aiki daban ba. Kanada da Saudiyya da Filifin suna da shi, a Ingila kuwa nas-nas da masu gashin ƙashi da motsa jiki ne ke raba shi tsakaninsu. A nan yankinmu Jami'ar Ghana ta buɗe sashen koyar da shi. A Najeriya, asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa limoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a shekarar. Akasarin irin waɗannan yara ba babbar na'ura suke buƙata ba. Wanda zai gane da wuri cewa iska ta yi musu ƙaranci suke buƙata, ya san yadda ake ba da oksijin, da yawan da ya dace da jariri. Kwalejojinmu na kimiyyar lafiya da ke jihohi za su iya koyar da wannan, in an ga dama.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan uwanmu mazauna Amurka ce, na Bronx da Harlem a birnin Niyok da na sauran garuruwa, da iyayen da ke nan gida suna bugo musu waya. Mun saba in yaro ya ce zai yi aikin asibiti, tambaya ɗaya ce: likita? In ya ce a'a, sai fuska ta sauya. Hausawa suka ce da rashin tayi akan bar arha. A cikin birnin Niyok kanta, kwalejin al'umma ta Manhattan tana koyar da wannan kwas, jirgin ƙasa ɗaya ne daga Bronx. Mai sauraronmu da ke nan gida kuma ya sani cewa rahusar da na ambata ta mazauna can ce. Ɗalibin da ya je da bizar karatu ba ya samun tallafin Pell, kuma kuɗin baƙo ake cajinsa, wanda ya ninka na ɗan gari. Kada wani dillali ya ce muku ba haka ba ne.

Wanda kuma ya yanke shawarar shiga, kafin ya biya ko sisi ya buɗe shafin hukumar CoARC, wadda ke tantance kwasa-kwasan, ya tabbatar sunan makarantar yana ciki, domin wanda ya fito daga kwas ɗin da ba a tantance ba, ba za a bar shi ya zauna jarrabawar ba. Hukumar tana wallafa yawan ɗaliban kowace makaranta da ke cin jarrabawa da waɗanda ke samun aiki, ya duba. Ya yi hattara da makarantun 'yan kasuwa masu tallan gaggawa da tsadar kuɗi. Sannan ya je ofishin kwalejin da ƙafarsa ya tambaya wace jami'a ce ta sa hannu za ta karɓi darussansa in ya tashi cike digiri, kuma kada ya fito sai an ba shi amsar a rubuce.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.